Rigar Hoto ta Taman

A Agadas na gane cewa wanda bashi ya koro ba ya iya ciniki. Duk abin da aka yanka maka biya kake yi, don gani kake kowa ya san abin da ya fito da kai daga gida. Ni da na girma a kasuwar hatsi, ni da nake cusa hannu cikin buhu in faɗa maka ƙauyen da aka noma masarar, sai ga wani ɗan kamasho mai haƙorin Makka ya tare ni a tasha, ya kira ni Alhaji, ya karɓi jakata kamar ya san ubana. Ya ce kuɗin da zan ba shi har cikin Taman ne, wato Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, da ruwa da abinci da na jandarmomin hanya. Ko tayi ban yi ba. Sai da muka isa Arlit, ba mu ko bar ƙasar Nijar ba, direba ya ce kowa ya sauka, iyakar kuɗinmu ke nan. Na kira mai haƙorin Makka, waya a kashe. Har yau idan na tuna yadda na yi masa godiya da hannu biyu, haushin kaina nake ji fiye da nasa.

Bari in faɗi abin da ya fito da ni, kada a ɗauka yawon buɗe ido na tafi. Sunana Lawal, a Kusada nake zaune, asalinmu Ƙofa. Sana'ata ajiyar hatsi: in saya da kaka, in zuba a sito, in fitar da bazara idan ya yi tsada. Akwai shekarar da hatsi ya yi ta hawa, duk wanda ya ajiye 'yan buhuna sai da ya canza babur. Da kaka ta zagayo sai na buɗe ciki. Alhaji Mamman na Kankiya, babban ɗan kasuwa, ya zuba mini jari. Manoman Ƙofa da Tafashiya suka yi ta kawo mini buhuna a kan amana, sai na sayar in biya. Har matan unguwarmu suka ba ni kuɗin adashinsu in juya musu. Bazara ta zo, maimakon farashi ya hau sai ya gangara. Na ce bari in jira. Ya ƙara gangarawa, ƙwari kuma suka shiga siton. Ranar da na fitar da kayan, abin da na samu bai kai rabin abin da ake bina ba.

Daga nan sallama ta zama mini abin tsoro. Kowace safiya da na ji ta a ƙofar gida sai in laɓe a ɗaki, ko da mai tallan itace ne. Na daina zuwa masallacin unguwa, na koma wani can nesa inda ba a bina ko sisi.

Sarkin Kasuwa Garba, dattijon da ke sasanta rigimar 'yan hatsi, ya kira ni rumfarsa.

"Lawal, ka karye, kuma karyewa ba sata ba ce," in ji shi. "Ka zauna mu tara masu binka. Ka hiddo abin da ya rage maka, da siton, da babur, da hilinka na bayan makaranta, a raba ma kowa gwargwadon nashi. Abin da ya saura a jira ka sai Allah ya hore. In suka yarda da sulhu, ba mai taɓa gonarku ta Ƙofa. Amma in magana ta kai gaban alƙali, tilas a raba gado a hidda kasonka a saida. Na dai hwaɗa maka."

Gonar nan ita ce komai namu. Tun rasuwar Baba ba a raba ta ba. Yayana Sale ke noma ta, daga cikinta mahaifiyarmu Inna ke ci, da iyalinsa, da ƙanwarmu da mijinta ya rasu, da nawa iyalin tun da na karye. Idan aka yanke kasona, abin da zai saura ba zai kai su wata damina ba.

Shawarar Sarkin Kasuwa ba ta da aibi, ni ne na kasa haɗiye ta. A tara mutane a ce Lawal ya karye, a gaban dillalan da jiya suke tashi su ba ni benci? Na ce a ba ni ɗan lokaci. Ina ganin idan na je Aljeriya na yi aikin gini, zan dawo in biya kowa ba tare da an kira sunana a taro ba. Haka na sami kaina a Arlit, a gindin wata katanga, ba kuɗin gaba ba na baya.

A gindin katangar na haɗu da Illa, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, magini ne, ya sha bin hanyar. Da na ba shi labarin mai haƙorin Makka, dariya ya yi har da buga cinya.

"Shi ya cuce ka? Ni ma ya ci nawa tahiyata ta hwari. Wanda bai biya shi ba ai bai hwara tahiya ba. Tashi, ɗan Najeriya, ka iya ɗaukar buhu?"

Na ce buhu ne ma ya kawo ni nan. Ya kai ni inda ake lodin manyan motoci, muka yi ta dakon albasa da siminti har kuɗin mota ya haɗu. Ni da nake tsayawa da hannu a aljihu ina ce wa 'yan dako su yi sauri, ranar farko ko ɗaga wuyana ban iya ba. Illa ya raba dabinonsa biyu ya ba ni rabi, bai tambaye ni ko sunan ubana ba.

Sahara kuwa, a bayan a-kori-kura muka ratsa ta, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa a tsakanin cinyoyi don kada ya faɗo. An gaya mana tun farko, wanda ya faɗi direba ba ya tsayawa. Mutane suna ta salati, ni kuwa wani abin kunya ke raina: tunda muka fita daga inda waya ke kamawa sai na ji sanyi, don na san yau ba mai kirana. Kafin sanyin ya gama shiga sai tsoro ya biyo shi. Idan Alhaji Mamman ya kira ya ji a kashe fa? Zai ce na gudu, gobe ya nufi kotu. Haka na yi ta juyawa tsakanin biyun nan har muka tsallaka iyaka a ƙafa, ta bayan gari, inda ba a tambayar takarda.

Taman gari ne mai duwatsu da iska mai sanyi. Masaukinmu wani kango ne da mai shi bai ƙarasa ba, mun cika shi maƙil, Hausawan Nijar da na Najeriya. Da sassafe kowa zai ɗauki sheburinsa mu jeru a bakin titi. Mota za ta tsaya, Balarabe ya leƙo ya nuna mutum da yatsa, wanda aka nuna ya haye baya ba tambayar nawa ne. Illa ya koya mini kwaɓa siminti da kalmomin Larabci da za su hana a zage ni ban sani ba. Ya koya mini kuma gudu, don da an hango motar 'yan sanda kowa ta kansa yake yi.

An cuce mu, ba sau ɗaya ba. Akwai wani da muka yi wa katanga da shafe muka gama, ranar biya ya fito da waya ya ce mu zaɓa, ko mu tafi ko ya kira hukuma. Muka tafi. Na yi tafiya ina zagin sa da Hausa, Illa na cewa in rage murya, wasu cikinsu suna ji. Amma a unguwar nan ɗin dai akwai wata tsohuwa, maƙwabciyar wurin aikin, da kullum da azahar take turo ƙofa ta ajiye mana faranti da burodi da miya, ta koma ciki. Ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, hannunta kawai na sani, mai jan lalle irin na Inna. Ranar farko da na gani sai da na juya baya na share ido.

Kewar gida ta ciki take kama mutum. Taliya da burodi, burodi da taliya. Wani ɗan Maraɗi ya zo da ƙullin daddawa da kuka, muka yi miya a gwangwani, kango ya ɗauki ƙamshi, manya-manyan maza kowa ya koma kallon ƙasa. Ni Kusada ta faɗo mini, ranar kasuwa, da ƙarar 'yan acaɓa, da matan Fulani a jere da ƙoren nono. Ɗan abin da nake samu ina turawa ta hannun wani ɗan kasuwa, amma kamar ka zuba ruwa a rairayi. Wanda ya fi ɗaga murya a ƙofar gidana shi ke karɓewa, sauran su ji labari su ƙara fusata.

Duk Juma'a nake kiran Yaya Sale. Tambayata ɗaya ce, ina maganar gona. Wata Juma'a na ji muryarsa ta sake.

"Alhamdulillahi, Lawal. Sarkin Kasuwa bai zauna ba. Ya bi su ɗaya-ɗaya, har matan adashi. Kowa ya aminta a raba abin da ka bari, saura a jira ka. Alhaji Mamman ne ya tsaya yana ja, jiya shi ma ya sauko. Ya ce tunda wahala ka tahi sha ba gudu ka yi ba, ya haƙura. Bayan Salla za a zauna, ni zan wakilce ka."

"Gonar hwa, Yaya?"

"Ba mai taɓa ta. Amma ga wata magana. Inna ba ta cin abinci. An ce mata mutane na mutuwa cikin rairayi, ta ce muryar da take ji a waya ba ta ishe ta ba. Ka turo hotonka ta gani, don Allah."

Na dubi kaina. Siminti ya cinye mini tafin hannu, wuyana ya zama kamar na zakara, rigar jikina kuwa ko tsumman goge babur ta fi ta. Idan Inna ta ga wannan ai ruwan ma daina sha za ta yi.

Illa ya ce wannan ba abin damuwa ba ne. Ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin tabarma ya fito da rigar hoto. Ashe kowane masauki da tasa. Farar jallabiya ce mai aiki a wuya, da agogo mai ruwan zinariya wanda ba ya tafiya, da baƙin tabarau, da takalmi sau-ciki. Karo-karo aka yi aka saya tun kafin zuwanmu, ba mai sa ta sai ranar da zai tura hoto gida. A bayan masaukin kuma akwai wani mai kantin magani da ke ajiye farar motarsa a inuwa, ya san al'adarmu, ba ya hanawa, sharaɗinsa kawai kada a jingina da madubi.

"Ba wanda ke tura ma uwarshi wahala," in ji Illa yana gyara mini wuyan rigar. "Ta haihe ka da wahala, ka ƙara mata da wata? Ɓoye hannuwan a baya. A'a, hiddo na agogon. Cika kumatunka da iska kaɗan. Yi dariya mana, kamar wanda ya ci nama!"

Na yi dariya, ta gaske ma, don ranar raina fari ne. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ni kaina da na gani sai da na ce wannan Alhajin ya ranta mini kuɗi. Na tura wa matata Binta, na ce ta kai wa Inna a Ƙofa.

Binta ta ce Inna ta riƙe wayar ta yi ta shafa gilashin, sannan ta ce a ɗumama mata tuwo. Daga nan ta aika a kira maƙwabta su zo su ga ɗanta. Uwa ce, an daɗe ana yi mata kallon uwar wanda ya ci kuɗin mutane. Wata ta ce a tura mata ta nuna wa mijinta. Mijin dillali ne a kasuwar Kankiya. Kafin kasuwa ta sake ci, hoton ya shiga wayar duk wani mai auna hatsi daga Kusada har Kankiya.

Muna kan aiki saƙon muryar Alhaji Mamman ya shigo. Na saurare shi a bayan tulin bulo.

"Lawal, barka da hutawa. Na ga mota, na ga agogo, Allah ya sanya alheri. Ashe mu ne wawaye. Ana ce mani kana can kana cin ƙasa, har na tausaya. To sulhu babu. Mu haɗu gaban alƙali, kai ko yayanka."

Na kira shi, ya ƙi ɗauka. Na aika saƙo na rantse da Allah rigar aro ce, motar ta mai magani ce, agogon ko tafiya ba ya yi. Shiru. Sai dabara ta zo mini, na bi 'yan masauki ɗaya-ɗaya na roƙe su hotunansu. Kowa ya turo. Ga Illa, ga ɗan Maraɗi, ga wasu da yawa, duk cikin jallabiya ɗaya, da agogo ɗaya, a gaban mota ɗaya. Na tattara na tura wa Alhaji, na ce yanzu kam magana ta ƙare. Amsarsa ba ta daɗe ba.

"Madalla. Ashe har yara gare ka, kana yi masu anko."

Da na kunna wa 'yan masauki suka fashe da dariya, wani har da faɗuwa. Ni ban yi ba. Illa ma da ya dubi fuskata sai ya daina. Ya zauna kusa da ni ya ce shi ya jawo mini. Na ce ba shi ba ne, alheri ya yi nufi. Amma gaskiya a ranar ko kallon jakar rigar ban so yi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muni a duk tafiyar, ya fi Sahara. Manoman da suka haƙura suka dawo, matan adashi suka zo ƙofar gidana da wayoyi a hannu suna nuna wa Binta mijinta. Aka kai wa Yaya Sale sammaci, tunda gonar a hannunsa take. Duk kiran da na yi masa sai ya ce, "Ana nan ana addu'a," shi ke nan. Na koma karɓar kowane irin aiki, har wanda Illa ke cewa kada in je don unguwar ba ta da mafita in 'yan sanda sun zo. Ina kwaɓa siminti ina lissafin banza, in na yi wata kaza zan tara kaza, alhali na san ko shekara nawa zan yi ba zan cike ramin ba. Abinci ya daina shiga. Da waya ta yi ƙara sai in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

A irin unguwar da Illa ya hana ni aka kama ni, da hantsi, ina saman bene da bokitin kankare. Ba inda zan gudu. Aka tara mu a wani babban fili, aka karɓe waya da ɗan abin da ke aljihu, aka loda mu a manyan motoci zuwa kudu. A tsakiyar rairayi aka sauke mu, wani soja ya nuna da hannu ya ce can ne Nijar. Muka kama tafiya. Takalmina ya tsinke tun ba a yi nisa ba, wani Bazabarme da ban san sunansa ba ya yage rawaninsa ya ba ni na naɗe ƙafa. Da muka hango rumfunan Assamaka, garin farko na Nijar, wasu suka yi sujada. Ni abin da ke raina ko an riga an shiga kotu. Illa kuwa ko sallama ba mu yi ba, lambarsa ta tafi da wayar.

Al'adar masu dawowa ita ce su tsaya a Katsina su yi wanka da aski, su sayi sabuwar riga da tsaraba, sannan su shiga gida. Ni da taimakon masu agaji da na direbobi na iso, a bayan motar awaki na sauka Kankiya. Ranar kuwa kasuwa na ci. Na so in bi ta bayan gari, sai na ga ba ni da sauran abin ɓoyewa, na ratsa ta layin 'yan hatsi. Mutane suka yi ta kallona, wasu ba su gane ni ba sai da na yi sallama.

Alhaji Mamman na zaune a ƙofar sitonsa. Ya dube ni tun daga ƙafa har kai.

"Lawal? Kai ne haka?"

"Ni ne, Alhaji. Ga motar, ga agogon."

Ya sunkuyar da kai. Ya sa aka kawo mini fura, ya jira na shanye. Sannan ya ce, a hankali yadda na kusa ba za su ji ba, "Wallahi da na gan ka haka da ban kai ƙara ba. Amma magana ta hita hannuna. Duk masu binka sun shiga cikin ƙarar. Ni kaina wasu ke bina, kuɗin da na ba ka ba nawa ba ne duka, su ma sun ga hoton. In na janye yanzu, ni za su kai."

Ban ji haushinsa ba, na so in ji amma bai zo ba. Tsoron da na gani a idonsa irin nawa ne.

A kotu abin bai ɗauki lokaci ba. Alƙali ya tambaye ni ko na amsa ana bina, na ce na amsa. Ya tambayi abin da na mallaka, na lissafa. Sarkin Kasuwa Garba da liman suka ba da shaida cewa ba ni da wani abu a ɓoye. Alƙali ya ce daga yau an hana ni taɓa dukiyata, za a sayar a raba wa masu bina gwargwadon haƙƙin kowa, a bar mini tufafin jikina da abincin da iyalina za su ci na ɗan lokaci. Abin da ya saura yana wuyana har Allah ya buɗa mini, amma ba wanda zai sake zuwa ƙofar gidana ko ya tsare ni a hanya. Abin da na ratsa Sahara don kada in ji shi ke nan, an faɗe shi cikin 'yan kalmomi, a gaban dillalan nan dai, kuma rufin kotun bai faɗo ba. Har na fara jin iska na shiga ƙirjina, sai alƙali ya juya wajen Yaya Sale ya ce a raba gado a fitar da kasona.

Da igiya aka auna gonar. Aka yi ƙuri'a, kasona ya faɗa gefen kwari, inda ƙasa ke riƙe laima, inda dawa ta fi yin kai. Wani mutumin Kankiya ya saya, ya sa aka kafa duwatsu a kan sabuwar iyaka. Yaya Sale na tsaye har aka gama, shi ya riƙe musu bakin igiyar ma. Bai ce mini komai ba, a ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Inna kuwa cewa ta yi tunda na dawo da raina ita ba ta da sauran magana, amma na lura ta rage cin tuwo, wai haƙoranta ne.

Na koma Ƙofa da iyalina, tunda ba sito ba babur. Sallama ta daina ba ni tsoro, ina zuwa masallaci in tsaya a sahun gaba. Wannan kam na samu, ba zan ɓoye ba, kuma da daɗi.

Da ruwan shuka ya sauka muka fita tun da safe, ni da Yaya. Shi ke gaba da sungumi yana sara, ni ina biye da ƙoƙon iri, in jefa in rufe da diddige. Yaya ba ya duban gaba idan yana sara, ƙafarsa ta san gonar tun yana yaro. Muka ɗauki layin farko daga gindin gawo muka gangara. Ina ganin duwatsun suna matsowa, na ce zai tsaya. Bai tsaya ba. Ya tsallake su bai ko lura ba, ya ci gaba da sara yana gangarawa kwari, rami bayan rami, yadda ya saba kowace shekara.

Na tsaya a kan iyakar da iri a hannuna. Ba wanda zai faɗa masa sai ni.

"Yaya."

Bai ji ba.

"Yaya Sale. Nan ne iyaka."

Ya tsaya da sungumin a sama. Ya juyo ya dubi duwatsun, ya dubi ramukan da ya sara a gonar mutane. Sai ya sauke sungumin, ya dawo yana bin su ɗaya-ɗaya yana rufewa da ƙafa, ba iri a ciki. Da ya iso inda nake ya juya ya fuskanci tudu, ya gyara riƙo.

"To," ya ce. "Biyo ni."